Gajimaren Kauai: Abin da tikitin shawagi a sararin Hawai ba ya gaya wa baƙo

Da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yammacin ranar 26 ga Disamba, 2019, washegarin Kirsimeti, wani jirgi mai saukar ungulu na kamfanin Safari Helicopters ya tashi daga filin jirgin saman Lihue da ke tsibirin Kauai, a jihar Hawai ta Amurka. Fasinjojinsa shida ne: mata da miji daga Suwizalan da 'ya'yansu mata biyu, ɗaya 'yar shekara 13 ɗaya 'yar 10, sai wata uwa da 'yarta 'yar shekara 13 daga jihar Wisconsin. Kuɗin shawagin minti 50 suka biya, a zaga da su su ga kwazazzabai da duwatsun bakin teku, a dawo da su. Wanda ke riƙe da jirgin dattijo ne ɗan shekara 69, babban matuƙin kamfanin, mai fiye da awa 15,000 a sama. Wannan ne sawunsa na takwas a ranar, kuma daga shi sai tashi daga aiki.

Ba a cika rabin awa da tashinsu ba jirgin ya daki wani tsauni mai duhun itatuwa a yankin Kokee, ya kama da wuta. Wani mai tattaki a dajin ya ce ya ji ƙarar jirgi kusa da shi, amma hazo da ruwan sama sun hana shi ganin komai. Sai washegari aka gano tarkacen. Babu wanda ya tsira.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta kusa shekara biyu da rabi kafin ta fitar da rahotonta a watan Mayun 2022. Ba ta ga alamar inji ya mutu ko wani ƙarfe ya karye kafin faɗuwar ba. Abin da ta gano shi ne matuƙin ya ci gaba da kutsawa cikin hazo da ruwa, alhali ƙa'idar da yake tuƙi a ƙarƙashinta ta mai gani da ido ce. A Kauai iska daga arewa maso gabas ta saba zuwa, kuma matuƙa sun san inda take tara gajimare da inda take bari a buɗe. A wannan yammaci kuwa ta yamma ta ɓullo, ta toshe gefen da aka saba samu a sarari. Wasu matuƙa uku da ke shawagi a yankin sun hango abin da ke tafe, suka sauya hanya. Shi bai sauya ba.

Hukumar ba ta jibga wa mamaci laifin duka ta kakkaɓe hannu ba. Ta ambaci kamfanin, cewa ba shi da wani tsari na gano haɗari tun kafin ya zama asara. Ta kuma kama sunan hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, FAA, da laifi uku: jan ƙafa wajen kafa kyamarorin duba yanayi a Hawai, rashin tsayawa a kan horon da aka daɗe ana nema wa matuƙa, da sakacin sa ido a kan yadda kamfanonin shawagi ke mu'amala da mummunan yanayi.

Nan ne maganar take. Mutumin da ya tara kuɗi ya ƙetare teku don hutun mako guda, ya sayi tikiti a intanet saboda hotunan da ya gani, ba shi da ma'aunin da zai auna abin da zai shiga. Baƙo ko da ido makaho ne. Bai san iskar wurin ba, bai san awa nawa matuƙin ya yi a kujera tun safe ba, bai san ranar ƙarshe da bakanike ya ɗora hannu a kan farfela ba. Amana ya bayar. Tarihin wannan sana'a a Hawai kuwa cike yake da lokutan da masu riƙon amanar suka san matsala shekaru kafin su taɓa ta.

Tsibirin da mota ba ta zagaye shi

Hawai jerin tsibirai ne a tsakiyar tekun Fasifik, kimanin kilomita 3,800 daga gaɓar Kalifoniya. A 2019 baƙi fiye da miliyan 10 suka ziyarce su. Kauai kaɗai, mai mazauna kimanin 73,000, ya sauki fiye da miliyan ɗaya. Titin motar tsibirin bai zagaye shi ba. Yana kaiwa arewa maso yamma yake tsayawa, domin a nan gaɓar Na Pali take, katangar duwatsu masu tsini da suka miƙe daga cikin ruwa har tsayin mita 1,200. Mai son ganinta ko dai ya bi jirgin ruwa, ko ya taka sawu kilomita 18 a siririyar hanyar Kalalau, ko ya hau sama. A bayanta akwai kwazazzabon Waimea mai zurfin fiye da mita 900, jar ƙasa da koren daji a cakuɗe. A tsakiyar tsibirin kuma tsaunin Waialeale ne, mai tsayin mita 1,569, ɗaya daga cikin wuraren da ruwan sama ya fi zuba a duniya: kimanin milimita 11,500 a shekara, ninkin na Kano fiye da sau goma.

Wani matuƙi mai suna Jack Harter ne ya fara ɗaukar 'yan yawon buɗe ido a nan, a 1962. Fim ɗin Jurassic Park na 1993, wanda aka ɗauki wani yankinsa a gindin magangarar ruwa ta Manawaiopuna, ya yi wa sana'ar tallan da kuɗi ba sa iya saya. Yau kujera ɗaya takan kai dala 300 ko fiye, kuma wanda ya hau da wuya ya ce an cuce shi. Akan shiga da shi cikin ƙoƙon Waialeale ya ga ruwa na zubowa ta kowace kusurwa daga bango mai tsayin ɗaruruwan mita. A babban tsibirin Hawai akan kai shi kallon Kilauea, dutse mai aman wuta, wanda a 2018 narkakken dutsensa ya cinye gidaje fiye da 700. Gaskiya ce kuma cewa dubban irin wannan shawagi ana yin su duk wata a sauka lafiya, kowa ya koma masauki da hotunansa.

Sai dai hajar da ake sayarwa ita ce kuma tushen haɗarin. Magangarun ruwan nan ruwan sama ne ya haife su, ruwan sama kuwa ba ya zuwa sai da gajimare. Kallon ba ya ƙayatarwa sai an matsa kusa da dutse, kusa da dutse kuwa nan ne iska ke karyewa ta gangaro da ƙarfi, nan ne kuma babu filin da za a dire in inji ya tsaya.

Daƙiƙa 56

Kusan duk jiragen shawagin nan da ido ake tuƙa su. Matuƙi na duban layin da sama ta haɗu da ƙasa ko teku, da shi yake sanin ko jirginsa a daidaice yake ko ya karkata. Da zarar gajimare ya shafe wannan layi, jikinsa ya fara yi masa ƙarya. A cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu 'yan bututu masu ruwa, su ke gaya masa tsayuwarsa da karkatarsa. Idan jirgi ya karkata sannu a hankali ba sa ji, idan kuma ya jima yana juyawa sai su ɗauka a miƙe yake tafiya. Mutum sai ya rantse hawa yake yi alhali ƙasa ya nufa. Babban jirgin fasinja na ratsa gajimare kullum lafiya lau saboda matuƙansa na'ura suke bi, suna da horon hakan da kayan aikinsa, kuma sun yi wa duwatsu nisa. Ƙaramin jirgi mai saukar ungulu ba shi da wannan natsuwa. In hankalin mai riƙe da shi ya gushe na 'yan daƙiƙoƙi, ya kauce. Wata ƙungiyar masana da ke aikin rage haɗurran irin waɗannan jirage a Amurka ta bi diddigin haɗurran shiga gajimare ba shiri, ta tarar cewa a rabinsu ba a wuce daƙiƙa 56 ba tsakanin rufewar gani da dukan ƙasa. Wannan adadi ta sa wa gangamin faɗakarwar da ta ƙaddamar a 2021.

Wata ɗaya cif bayan haɗarin Kauai, ranar 26 ga Janairu, 2020, wannan ruɗewar ce ta halaka ɗan wasan ƙwallon kwando Kobe Bryant da 'yarsa da wasu mutum bakwai a kan wani tudu a Kalifoniya. Ita ce kuma NTSB ta ambata a haɗarin daren 9 ga Fabrairu, 2024, a hamadar Mojave, wanda ya ci ran shugaban rukunin bankin Access, Herbert Wigwe, da matarsa da ɗansa da wani abokin tafiyarsu da matuƙa biyu. Arziki da suna ba su da tasiri a kan abin da ke faruwa a cikin kunnen matuƙi.

Duk wanda ya taɓa wuni a filin jirgin Kano da hunturu yana jiran hazo ya sarara ya san soke tashi ba wulaƙanci ba ne. Amma hazon hunturu zuwa yake ya zauna kwanaki, kowa ya gan shi ya yi shiri. Gajimaren Kauai cikin 'yan mintoci yake rufe bakin kwari, wani lokaci bayan jirgi ya riga ya shiga.

To me ke hana mutum juyawa? A ganina wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ba a cikin inji amsarta take ba. Matuƙin da ya juya ya jawo wa kamfani mayar da kuɗin kujera shida, ya bar fasinjoji da ɓacin rai, ƙila su je su zuba ƙorafi a intanet, alhali jirgin kamfanin da ke maƙwabtaka ya bi ta wurin ya fita lafiya. Ga kuma sabo. Wanda ya ratsa ɗan siririn hazo sau ɗari ya fito, a karo na ɗari da ɗaya ba ya jin gabansa ya faɗi. Gogewar da ake yi wa fasinja talla da ita, in babu mai bibiyar ta, ita ce ke matsar da iyaka kaɗan-kaɗan har a wayi gari babu iyakar. Shi ya sa NTSB ta daɗe tana neman a sanya wa waɗannan jirage na'urar naɗar hoto da bayanan tafiya, kamfani ya riƙa dubawa, a gane matuƙin da ya fara wasa da gajimare tun yana raye.

Dokar da ta rage wani abu ta ƙara wani

Ranar 14 ga Yuli, 1994, jirage biyu na shawagi suka faɗa teku a Hawai a yini ɗaya, ɗaya kusa da tsibirin Molokai, ɗaya a gaɓar Kauai inda mutum uku suka nitse. Kafin shekarar ta fita FAA ta kafa dokar gaggawa ta musamman ga Hawai. Ta hana jirgin shawagi yin ƙasa da ƙafa 1,500, kimanin mita 460, daga doron ƙasa ko ruwa. Ta wajabta wa mai inji ɗaya da zai fita saman teku ko dai ya ɗaura jakunkunan iska masu hana nutsewa, ko fasinjojinsa su sa rigar ceto. Ta kuma ce a yi wa kowa bayanin yadda ake fita kafin a tashi.

Dokar ta yi aiki. Masu bincike na jami'ar Johns Hopkins, a nazarin da suka wallafa a 2009, sun ƙirga haɗurra 59 na jiragen shawagi masu saukar ungulu a Hawai daga 1981 zuwa 2008. Sun ga cewa bayan dokar adadin ya sauka daga 3.4 zuwa 1.8 a duk awa 100,000 na tashi. Amma sun ga wani abu dabam a ƙarƙashin wannan albishir: haɗurran shiga gajimare, waɗanda a da kashi 5 ne cikin ɗari, sun koma kashi 32. Matuƙa sun daɗe suna kukan cewa tsayin da doka ta tura su nan ne gajimaren tsibiran ke yawan zama. FAA ta riƙa ba kamfanoni izinin sauka ƙasa da haka a wasu wurare, amma jerin bai tsaya ba. A Yunin 1998 mutum shida suka mutu a Waialeale. A Yulin 2000 mutum bakwai a kwarin Iao na tsibirin Maui. A Satumban 2004 mutum biyar kusa da Kalaheo a Kauai. A Nuwamban 2011 mutum biyar a Molokai. A kowanne akwai dutse, akwai mummunan yanayi, akwai jirgin da bai juya ba.

Na 2004 ɗin ya tona abubuwa da yawa. Matuƙin kamfanin Bali Hai bai cika wata biyu da fara aiki a Kauai ba. Ya iya tuƙi, amma bai san sararin samaniyar tsibirin ba, kuma tsarin aikin kamfanin na ajiye matuƙi a kujera sa'o'i masu tsawo ba hutun kirki. Daga nan ne a 2007 NTSB ta nemi a ƙirƙiro wa matuƙan Hawai horo na musamman, a nuna musu ainihin kamannin gajimaren kowane kwari, a ce da su: in ka ga kaza a wuri kaza, juya. A 2013 ta ƙara da neman a kafa kyamarori a mashigun duwatsu, yadda matuƙi zai ga halin da hanyarsa ke ciki tun yana ƙasa. Ba sabuwar dabara ba ce, domin tun 1999 ake amfani da irinsu a jihar Alaska. Shekara shida bayan wannan shawara, ranar da jirgin Safari ya tashi, ko ɗaya FAA ba ta kafa a Hawai ba. Sai a 2021 aka fara.

A farkon 2020 kwamitin kasuwanci da sufuri na majalisar dattawan Amurka ya bayyana ƙorafin wani jami'in binciken FAA na ofishin Honolulu, wanda ya ce a 2019 ya nemi izinin zuwa Kauai don duba kamfanin Safari, manyansa suka hana. Shekarar 2019 ta yi wa Hawai muni ƙwarai: da na Kauai, da wani a garin Kailua a watan Afrilu, da jirgin masu dirowa da laima da ya faɗi a Mokuleia a watan Yuni da mutum 11, rayuka 21 suka salwanta. Ɗan majalisar wakilai Ed Case ya gabatar da ƙudurin tsaurara wa sana'ar, sanatocin jihar Brian Schatz da Mazie Hirono suka kawo nasu. A Afrilun 2024 FAA ta fitar da dokar da ta wajabta wa ƙananan kamfanonin haya da na shawagi kafa rubutaccen tsarin gano haɗari da magance shi, ta ba su wata 36 su cika.

Ƙarfe da ruwa

Ba kowane haɗari ne na gajimare ba. A Maris ɗin 2007 jirgin kamfanin Heli USA ya faɗi a filin Princeville na Kauai, mutum huɗu suka mutu, bincike ya kai ga wani sashen sarrafa farfela da ba a ɗaure daidai ba a wajen gyara. A Yunin 2022 jelar wani jirgi ƙirar Bell 407 ta cire ɗungurungum a sama a kudancin babban tsibirin Hawai, ya faɗo kan sandararren dutsen aman wuta. Mutum shidan da ke ciki sun rayu, wasunsu da munanan raunuka. Irin wannan fasinja ba shi da yadda zai gano shi da ido. Fenti mai ƙyalli ba ya nuna noti.

Akwai kuma maganar ƙirar jirgi. Robinson R44 ƙaramin jirgi ne mai kujera huɗu da farfela mai reshe biyu, mai sauƙin kuɗi, shi ya sa ƙananan kamfanoni ke son sa. Yana da wani hali da matuƙansa suka sani: in iska mai gangarowa ta fizge shi har nauyinsa ya ɗauke daga kan farfela na ɗan lokaci, farfelar na iya rangaji fiye da kima ta daki sandar da ke juya ta, ko ta sari jikin jirgin. Tun 1995 FAA ta tanadi horo na musamman ga masu tuƙa shi. Irinsa ne ya tarwatse a sama ya faɗo kan wani titin unguwa a Kailua, tsibirin Oahu, ranar 29 ga Afrilu, 2019, da mutum uku, matuƙinsa kuwa makonni kaɗan ke nan da fara aiki a Hawai. Irinsa ne kuma ya faɗa teku a gaɓar Na Pali ranar 11 ga Yuli, 2024, shi ma da mutum uku.

Mutuwar inji a sama ba lallai ta zama ajali ba. Matuƙi na iya sakin farfela iskar da ke tasowa daga ƙasa ta ci gaba da juya ta, ya lallaɓa ya dire. A Fabrairun 2024 an ga haka a Na Pali, inda wani jirgi ya rasa ƙarfin inji ya dira da ƙarfi a kan yashin Honopu, kowa ya fita da ransa. Matsalar ita ce a tsibiri sau da yawa ruwa ne a ƙasa. Jirgi mai saukar ungulu nauyinsa a sama yake, inji da farfela duk a ka, don haka yana taɓa ruwa yake kifewa. A Satumban 2005 wani jirgin Heli USA ya shiga hadari a arewacin Kauai, iska ta danna shi cikin teku. Babu jakunkunan iska a ƙafafunsa, nan take ya nitse. Mutum uku suka tsira, uku suka mutu, ba don ƙarfin faɗuwar ba, ruwa ne ya ci su. A Fabrairun 2016, a Pearl Harbor, a gaban idon 'yan yawon buɗe ido da ke tsaye a bakin ruwa, wani jirgin ya faɗa kusa da gaɓa saboda sakacin gyara. Huɗu suka fito. Wani yaro ɗan shekara 16 daga Kanada ya maƙale a kujera, sai da masu ceto suka yi ta nutso suna yankan bel ɗinsa, ya rasu a asibiti bayan 'yan kwanaki.

Salon cire ƙofofin jirgi don a sami hoto mai kyau ya ƙara wata ƙofar haɗari. Darasinsa mafi ɗaci a birnin Niyok aka koye shi, ranar 11 ga Maris, 2018. An ɗaure fasinjoji biyar da ƙarin igiyoyi ta baya don su iya zuro ƙafa waje su ɗauki hoto. Igiyar ɗayansu ta maƙale a hannun da ke tsayar da mai, inji ya mutu, jirgin ya sauka a kogi, jakunkunan iskarsa ba su cika daidai ba, ya kife. Matuƙin, mai bel na yau da kullum, ya fita. Fasinjojin biyar ba wanda ya iya kwance kansa. FAA ta hana irin wannan ɗauri da mutum ba zai iya ɓallewa da hannunsa cikin sauri ba. A Hawai har gobe ana shawagi ba ƙofa, da bel na jirgin, kuma a nan hula ko wayar da ta suɓuce daga hannu na iya tafiya kai tsaye cikin ƙaramar farfelar jela.

Waɗanda ke ƙasa

Mutanen tsibiran ba su sayi tikiti ba, amma suna cikin lissafin. Na Kailua tarkace ya zubo musu a kan titi da tsakar gida da safe. Na ƙauyukan da ke ƙarƙashin hanyar zuwa Kilauea sun yi shekaru suna kukan ƙara daga safiya zuwa yamma, kuma ga 'yan asalin Hawai da yawa ƙoƙon dutsen wuri ne mai tsarki. Majalisar Amurka ta yi doka tun 2000 cewa a tsara yawan shawagi a kan gandayen shaƙatawa na ƙasa, aka yi shekara 20 ba a aiwatar ba, sai da wasu ƙungiyoyi, har da ta mazauna babban tsibirin, suka kai ƙara kotu ta tilasta a 2020. Tsarin da aka kammala a ƙarshen 2023 ya rage shawagi a kan gandun duwatsu masu aman wuta na babban tsibirin daga fiye da 11,000 a shekara zuwa 1,548.

Abin da ke hannun baƙo

Wani zai ce in kwana ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi. Haka ne, kuma mai imani ba ya jayayya da wannan. Amma imani da ƙaddara bai taɓa sauke wa bakanike nauyin ɗaure noti ba, bai kuma sauke wa uban da zai hau da 'ya'yansa nauyin yin tambaya ba.

Tambayoyin ba su da yawa. A dokar Amurka akwai kamfanin da ke da cikakken lasisin jigilar haya, wanda ake kira sashe na 135, mai ƙa'idar horo da gwaji da awannin hutun matuƙi, kuma ba ya ba mutum jirgi sai ya cika awa 500 a sama. Akwai kuma wanda ke aiki da sassauƙan izini, muddin bai wuce mil 25 daga inda ya tashi ba kuma can zai dawo ya sauka. A tsibiri ƙarami mil 25 ya ishi mutum ya ga kusan komai, don haka ya kamata a tambaya wanne ne. A tambayi shekarun matuƙin a wannan tsibiri takamaimai, ba jimillar awanninsa kaɗai ba. A tambaya ko jirgin na da jakunkunan iska, domin wata dokar FAA ta 2007 da ta wajabta su ta bar kafa ga wanda ke tafiya kusa da gaɓa yadda zai iya kaiwa tudu in inji ya tsaya, tudun Na Pali kuwa galibi bangon dutse ne. Rahotannin NTSB a buɗe suke a intanet, ana iya neman sunan kamfani a ciki.

In an zo filin, a hau sikeli ba gardama, a zauna inda aka ce, domin da nauyin kowa ake daidaita jirgin. Bayanin minti biyar ɗin da ake yi kafin tashi, wanda yawancin mutane ke saurare da rabin kunne suna gyara kyamara, shi ne kaɗai horon da fasinja zai samu. Ya kama ƙarfen bel ɗinsa ya buɗe ya rufe har hannunsa ya haddace, ya san inda mabuɗin ƙofa yake ko ido a rufe. Rigar ceto kuma ba a hura ta sai an fita daga jirgi. Wanda ya hura a ciki, ruwa zai manna shi da rufi.

Mafi girman abin da ke hannunsa shi ne kada ya zama ƙarin nauyi a kan matuƙi. Ya sa shawagin a farkon kwanakin hutunsa, yadda in an ɗage zai sami wata rana, maimakon ranar ƙarshe da zai tsaya yana roƙo a tashi ko ta halin ƙaƙa. Ya zaɓi kamfanin da ke mayar da kuɗi in yanayi ya ɓaci. In an hau kuma ya ga gaba ta yi duhu, yana da bakin magana a na'urar da ke kunnensa, ya ce wa matuƙi shi bai damu ba in an juya. Kyamarorin da aka kafa a mashigun Kauai da sauran tsibiran hotunansu na fita a shafin FAA, ana sabunta su duk bayan 'yan mintoci, kuma kowa na iya buɗewa a wayarsa kafin ya bar masauki.